Haƙƙin Majinyaci a Kan Fayil ɗinsa da Dokokin Kuɗin Kwafi

Fayil ɗin majinyaci shi ne kundin da asibiti yake tara duk abin da ya shafi jinyar mutum a cikinsa: ƙorafin da ya kawo, abin da likita ya gani da ya duba shi, sakamakon gwajin jini da na fitsari, hoton ƙirji ko na ƙashi, magungunan da aka rubuta masa da adadinsu, bayanin tiyata idan an yi, rubutun ma'aikatan jinya na dare da rana, har zuwa takardar sallama. Wannan tsari bai daɗe sosai a duniya ba. A da can kowane likita yana da littafinsa, yana rubuta marasa lafiya bi da bi yadda suka zo, ta yadda labarin mutum ɗaya kan warwatsu a littattafai uku ko huɗu. A 1907 ne Dakta Henry Plummer na asibitin Mayo da ke jihar Minnesota a Amurka ya fito da tsarin lamba ɗaya da fayil ɗaya ga kowane majinyaci, fayil ɗin yana bin sa daga wannan likita zuwa wancan. Irin wannan tsari ne ake gani a yau idan mutum ya yanki kati: a ba shi ƙaramin kati mai lamba ya tafi gida da shi, babban fayil ɗin kuwa ya kwana a ofishin kati.

An ƙirƙiri fayil ne domin likita ya riƙa tuna wa kansa abin da ya yi jiya, ya kuma sanar da abokin aikinsa da zai karɓe shi gobe. Ba a sa mai jinyar a lissafin masu karatu ba, shi ya sa rubutun ya cika da gajerun kalmomi da alamomin da sai ɗan gida yake ganewa. Amma buƙatar majinyaci ga fayil ɗin ta fi ta kowa daɗewa, domin likitoci suna canjin wurin aiki, asibitoci suna rufewa, shi kuwa ciwon yana tare da mai shi. Wanda aka tura wani asibiti ba tare da sakamakon gwaje-gwajensa ba zai sake biyan kuɗin gwajin da aka riga aka yi masa, a sake ɗibar jininsa, a sake haska shi. Wanda wani magani ya taɓa yi wa illa yana buƙatar sabon likita ya san sunan maganin tun kafin ya ɗauki alƙalami. Akwai mai neman ra'ayin likita na biyu kafin ya yarda a yi masa aiki, da mai neman diyya daga kamfanin inshora, da kuma wanda yake zargin an yi sakaci a jinyarsa, wanda ba shi da wata hujja a kotu sai abin da wanda yake zargin ya rubuta da hannunsa.

Tambayar da kotuna suka fara fuskanta ita ce ta mallaka: fayil ɗin na wane ne? Amsar farko ta karkata ga likita. A 1935 Kotun Ƙolin jihar Michigan ta yanke cewa hoton ƙashi da likita ya ɗauka na likitan ne, ko da majinyaci ne aka caji kuɗinsa, domin abin da aka biya shi ne gwaninta da jinya, hoton kuwa kayan aikin likita ne. Wannan fahimta ta daɗe tana aiki a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, har aka zo aka raba abu biyu da ake haɗawa a da, wato takardar da kuma labarin da ke kanta.

Shari'ar da ta fi fito da wannan rabuwa fili an yi ta ne a Kanada. Wata mata a lardin New Brunswick ta nemi likitarta ta ba ta kwafin duk abin da ke cikin fayil ɗinta. Likitar ta ba ta abin da ita kanta ta rubuta, amma ta hana ta rahotannin da ta karɓo daga likitocin da suka duba matar a baya, bisa hujjar cewa waɗannan na masu su ne. A 1992 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke cewa takardar ta likita ce, amma labarin da ke cikinta amana ne da majinyaci ya damƙa, kuma mai riƙon amana ba ya ɓoye wa mai ita abin da ya ba shi ajiya. Kotun ta ce majinyaci yana da haƙƙin dubawa da kuma samun kwafin duk fayil ɗin, har da abin da wasu likitoci suka rubuta, matuƙar zai biya halastaccen kuɗin yin kwafin. Shekara huɗu bayan haka Babbar Kotun Ostareliya ta kalli irin wannan tambaya ta ba da akasin amsar. Mai ƙarar tana neman fayil ɗinta ne domin ta shiga wata shari'ar haɗin gwiwa da ake yi a Amurka a kan robar silikon da aka dasa mata a ƙirji, amma a 1996 kotun ta ce tsohuwar shari'ar da aka gada ba ta ba majinyaci irin wannan haƙƙi ba, kuma idan ana son sa to aikin majalisa ne. Majalisar ta yi aikin daga baya, inda daga 2001 dokar sirri ta ƙasar ta haɗa da likitoci masu zaman kansu. A Amurka ma jihohi da yawa sun bar mallakar takardar a hannun asibiti ko likita. Jihar New Hampshire ce ta yi fice da rubuta a dokarta cewa bayanan da ke cikin fayil mallakin majinyaci ne.

Darasin Ostareliya shi ne cewa haƙƙin bai tsayu da ƙafafunsa ba sai da aka rubuta shi a doka. Birtaniya ta bi abin daki-daki: dokar 1984 ta shafi bayanan da ke cikin kwamfuta kawai, dokar 1990 ta buɗe fayilolin takarda, sannan dokar kare bayanai ta 1998 ta haɗe su wuri ɗaya ta ba asibiti kwana 40 ya amsa. Faransa ta yi nata a dokar 4 ga Maris 2002, wadda ake kira da sunan ministan lafiya na lokacin, Bernard Kouchner. Kafin ita, majinyaci ba ya ganin fayil ɗinsa sai ta hannun wani likita da ya wakilta. Bayan ta, yana nema kai tsaye, a ba shi cikin kwana takwas, ko wata biyu idan bayanan sun haura shekara biyar. A Indiya ƙa'idojin ɗa'ar likitoci na 2002 sun yanke awa 72. A Amurka kuwa tushen shi ne dokar HIPAA da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996, wadda ƙa'idojinta na sirri suka fara aiki a Afrilun 2003. Sun ba asibiti kwana 30, da damar ƙarin wasu 30 sau ɗaya idan ya rubuta wa majinyaci dalilin jinkirin.

Akwai bambanci tsakanin a nuna wa mutum fayil da a ba shi kwafi, kuma ba ƙaramin bambanci ba ne. Wasu mata takwas 'yan ƙabilar Roma a ƙasar Sulobakiya sun daina samun ciki bayan an yi musu tiyatar haihuwa, suka yi zargin an ɗaure musu mahaifa ba da saninsu ba. Da suka nemi fayilolinsu, hukuncin kotunan ƙasar shi ne su zo su duba, su kwafi abin da suke so da hannu, amma ban da fotokwafi. Wanda ya taɓa ganin rubutun likita ya san abin da wannan yake nufi: abin da aka kwafa da hannu ba ya nuna sa hannun kowa, ba ya nuna inda aka goge ko aka ƙara, kuma ba ya hana a canja asalin takardar washegari. A 2009 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta yanke cewa an tauye haƙƙinsu. Ta ƙara da cewa majinyaci ba ya buƙatar kawo dalilin da ya sa yake son kwafi. Asibitin da zai hana ne ya kamata ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili.

Da aka gama da maganar mallaka da ta wa'adi, sai rigimar ta koma kan kuɗi, kuma a nan ne gizo yake saƙa. Dokar da ta ce mutum yana da haƙƙin kwafin fayil ɗinsa, amma ta bar asibiti ya yanka kuɗin da ya ga dama, ta bar talaka a halin ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kuma abin yana da wata muguwar siffa: kaurin fayil yana bin tsananin ciwo. Mai zazzaɓin kwana uku fayil ɗinsa bai wuce 'yan shafuka ba, mai ciwon daji ko ciwon ƙoda da ya shekara yana kai-kawo nasa kan kai ɗaruruwa. Idan kuɗin na kowane shafi ne, wanda jinya ta fi talautawa shi zai fi biya.

Jihohin Amurka sun daɗe da nasu jadawalin. New York ta ƙayyade santi 75 a kan kowane shafi, Kalifoniya santi 25. Kentucky ta ba kowane majinyaci kwafi ɗaya kyauta, na biyu kuma kada ya wuce dala ɗaya a shafi. Wasu jihohin sun yarda da ƙarin kuɗin nema da ɗauko fayil, wanda ake biya tun kafin a buga shafi ko ɗaya. Lissafin a bayyane yake: fayil mai shafi 200 zai ci dala 150 a farashin New York, dala 50 a na Kalifoniya, ba ko sisi a Kentucky, alhali takarda da tawada ɗaya ne a duk jihohin uku.

Ƙa'idar tarayya ta HIPAA ta bi wata hanya dabam. Ba ta yanka farashin shafi ba. Ta ce kuɗin ya zama daidai gwargwado, ya kuma tsaya a kan abin da aka kashe da gaske. Ta lissafa abubuwan da za a iya cajin majinyaci: ladan aikin yin kwafin, kuɗin takarda ko faifan da aka zuba bayanan a ciki, kuɗin aikawa ta gidan waya idan ya nemi a aika masa, da kuɗin rubuta taƙaitaccen bayani idan shi ya yarda a yi masa tun farko. Kuɗin nema da ɗauko fayil ba ya ciki, haka ma kuɗin sayen kwamfuta da kula da ita. Dalilin yana da ma'ana: adana fayil a inda za a same shi wajibi ne da ke kan asibiti ko an nemi kwafi ko ba a nema ba, don haka idan ofishin kati ya hargitse har sai an wuni ana nema, ba majinyaci ne zai biya kuɗin hargitsin ba. Ƙa'idar ta kuma hana asibiti riƙe fayil a matsayin jingina saboda bashin jinya da yake bin mutum. Duba fayil a cikin asibiti kuwa kyauta ne, har majinyaci yana iya ɗaukar hotonsa da wayarsa. Inda jadawalin jiha ya fi na tarayya tsada ga majinyacin da ke neman nasa, na tarayya ne ke aiki. Inda jiha ta fi sauƙi, kamar Kentucky, nata ne ke aiki.

Zuwan kwamfuta ya tona asirin farashin shafi. Bayan dokar 2009 da ta zuba biliyoyin daloli domin asibitoci su koma ajiyar bayanai a kwamfuta, yin kwafi ya zama 'yan danne-danne, amma wasu suka ci gaba da lissafa shafukan da ba a buga ba suna caji kamar da. A 2016 ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Lafiya ta Amurka ya fitar da bayani cewa ba a cajin shafi-shafi a kan abin da yake ajiye a kwamfuta. Ya ba asibitoci zaɓi uku: su lissafa ainihin abin da suka kashe a kan kowace buƙata, ko su fitar da matsakaicin farashi na irin wannan aiki, ko kuma su karɓi kuɗi ƙayyadadde da bai wuce dala 6.50 ba idan kwafin na lantarki ne. Mutane da yawa sun ɗauki wannan adadi a matsayin iyakar da ba a ƙetarewa, har sai da ofishin ya sake fitowa ya ce sauƙi ne kawai aka yi wa wanda ba ya son wahalar lissafi.

Rubuta doka daban, bin ta daban. A 2018 wasu masu bincike na Jami'ar Yale suka tuntuɓi manyan asibitoci 83 a jihohi 29, suna tambaya kamar yadda majinyaci zai tambaya. Sun tarar cewa abin da ake faɗa a waya sau da yawa ya saɓa da abin da ke rubuce a takardar neman fayil ta asibitin, kuma farashin fayil mai shafi 200 ya kai dala 541.50 a wani wuri. A shekarar ce ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya ba da rahoton wani majinyaci da aka caja dala 148 a kan kwafin lantarki, da wasu da aka nemi su biya sama da dala 500 a kan buƙata ɗaya. Waɗannan ba ƙananan asibitocin ƙauye ba ne; na binciken Yale an zaɓo su ne daga jerin waɗanda ake yabo a ƙasar.

Hukunci ya zo a makare, ya kuma zo jefi-jefi. Tara ta farko da aka ci wani a ƙarƙashin ƙa'idojin sirri na HIPAA ita ce ta 2011, lokacin da aka ci cibiyar lafiya ta Cignet da ke jihar Maryland dala miliyan 4.3: miliyan 1.3 saboda hana majinyata 41 fayilolinsu, miliyan 3 saboda ƙin ba masu bincike haɗin kai. Sai a 2019 ne ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Lafiya ya buɗe shiri na musamman a kan haƙƙin samun fayil. Na farko da ya faɗa hannu shi ne asibitin Bayfront da ke St. Petersburg a jihar Filorida, wanda ya biya dala 85,000 bayan ya shafe sama da wata tara bai ba wata uwa bayanan bugun zuciyar ɗan da ke cikinta ba. Daga nan an sasanta da gomman asibitoci da ƙananan ɗakunan shan magani, har da likitocin haƙori, akasari a kan jinkiri.

Akwai ɓangaren da majinyaci ba ya gani. Buƙatun fayil da yawa a Amurka daga lauyoyi da kamfanonin inshora suke zuwa, kuma asibitoci da yawa sun miƙa aikin ga wasu kamfanoni da sana'arsu ke nan. Waɗannan kamfanoni suna cin ribarsu ne daga abin da suke cajin lauyoyi da masu inshora a farashin jiha, su yi wa majinyata a farashi mai rahusa. Da bayanin 2016 ya ce farashin majinyaci ya shafi har lokacin da ya ba da umarnin a aika fayil ɗinsa ga wani, sai lauyoyi suka gane hanya: maimakon su nema da sunansu, sai su rubuta takarda da sunan wanda suke karewa ya sa hannu, su sami dubban shafuka a kan 'yan daloli. Kamfanin Ciox, ɗaya daga cikin manya a wannan sana'a, ya kai Ma'aikatar Lafiya ƙara. A Janairun 2020 Alƙali Amit Mehta na kotun tarayya da ke Washington ya soke wannan faɗaɗawa, bisa hujjar cewa ma'aikatar ba ta bi matakan da doka ta shimfiɗa na sanar da jama'a da jin ra'ayinsu ba. Tun daga lokacin farashi mai rahusa ya tsaya a kan wanda ya nemi a ba shi nasa a hannunsa. Hukuncin ya yi daidai ta fuskar bin ƙa'ida, amma wanda ya ji rauni a hatsari yake neman diyya shi ne yake biya a ƙarshe, domin lauya yana cire kuɗin fayil daga abin da aka samu.

Turai ta yanke igiyar ta wani wuri. A ƙarƙashin dokar 1998, majinyaci a Birtaniya yana biyan fam 10 idan bayanansa a kwamfuta suke, ko har fam 50 idan akwai na takarda. Daga 25 ga Mayu 2018, ranar da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wato GDPR, ta fara aiki, kwafin farko ya zama kyauta, wa'adin ya koma wata ɗaya, da damar ƙarin wata biyu idan buƙatar tana da sarƙaƙiya. Ana iya cajin kuɗin gudanarwa ne kawai a kan ƙarin kwafi, ko a kan buƙatar da a fili take ba ta da tushe ko ta wuce kima. A wancan lokacin Jamus tana da wani sashe a kundin dokokinta na farar hula da ya ce majinyaci ne zai biya kuɗin kwafi, kuma a kansa wata likitar haƙori ta dogara lokacin da wani da take yi wa aiki ya nemi fayil ɗinsa yana zargin ta yi masa kuskure. Maganar ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke a 26 ga Oktoba 2023 cewa kwafin farko kyauta ne, ko da manufar mai nema ita ce ya kai likitar ƙara, kuma dokar ƙasa ba za ta ɗora masa kuɗin don kare aljihun likita ba.

Masu asibiti suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Kafin a saki fayil sai an tabbatar mai neman shi ne mai shi, a duba ko akwai bayanan wani mutum dabam a ciki da ya kamata a rufe, a haɗo abin da ke kwamfuta da abin da ke cikin kwali a ɗakin ajiya. Wannan lokacin ma'aikaci ne, ma'aikaci kuwa albashi yake ci. Bayan 2018 likitocin unguwa a Birtaniya sun koka cewa lauyoyi da kamfanonin inshora suna fakewa da haƙƙin majinyaci suna samun aikin da a da suke biya. Abin da Turai ta zaɓa shi ne ta ɗauki wannan kuɗi a matsayin ɓangare na kuɗin gudanar da asibiti, kamar wuta da ruwa, wanda ake rarraba shi a kan kowa. Amurka ta bar shi a kan wanda ya nema, amma ta ƙuntata abin da za a lissafa. Zaɓin Turai ya fi adalci ga mai doguwar jinya, sai dai ya fi nauyi a kan ƙaramin asibiti mai ma'aikaci ɗaya a ofishin kati.

Haƙƙin yana da iyaka a ko'ina. HIPAA ta ware rubutun da likitan ƙwaƙwalwa yake yi wa kansa a lokacin zaman tattaunawa idan ya ajiye shi dabam da fayil, da bayanan da aka tara domin shirin shari'a. Likita yana iya hanawa idan ya ga bayanin zai jefa ran majinyacin ko na wani cikin hatsari, amma majinyaci yana da damar neman wani likita ya sake duba hanin. Tsohuwar hujjar nan ta cewa karanta fayil zai tayar wa mara lafiya hankali ba ta isa dalili ba. An ma gwada ta: a 2010 wasu asibitoci uku a Boston da Pennsylvania da Seattle suka buɗe rubutun likitoci 105 ga majinyata kusan 20,000, kuma sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna mafi yawan waɗanda suka karanta sun ce sun fi fahimtar jinyarsu, likitocin kuma ba su ga ambaliyar tambayoyin da suka ji tsoro ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: sau da yawa majinyaci ne yake gano an rubuta masa maganin da ya daina sha, ko ciwon da ba nasa ba. Daga Afrilun 2021 wata ƙa'ida ta tarayya ta haramta toshe bayanan lafiya na lantarki, abin da ya sa sakamakon gwaji kan isa wayar majinyaci wani lokaci tun kafin likitansa ya gani.

A Najeriya haƙƙin yana nan, amma a warwatse cikin dokoki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ajiye fayil ga duk wanda ya yi wa jinya, ta wajabta sirrinsa, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya canja shi, ya lalata shi, ko ya kwafe shi ba da izini ba. Sashenta na 27 da ke magana a kan samun fayil ya fi karkata ga lokacin da ma'aikacin lafiya zai iya bayyana bayanan ga wani domin amfanin majinyaci. Bai faɗi farashi ko wa'adi ba. Kundin haƙƙoƙin majinyata da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a Yulin 2018 ya ambaci samun cikakkun bayanan jinya a kan lokaci, sai dai sanarwa ce ta tattara haƙƙoƙi, ba dokar majalisa ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumomin gwamnati kwana bakwai su amsa, ta taƙaita kuɗi ga abin da aka saba biya na yin kwafi, ta kuma yarda a saki bayanan majinyaci idan shi ya amince; amma ba ta kai ga asibitoci masu zaman kansu na yau da kullum ba.

Mafi ƙarfi ita ce Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar. Ta sa bayanan lafiya cikin rukunin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, ta shafi na kwamfuta da na takarda, ta kuma shafi asibitin gwamnati da mai zaman kansa. Sashenta na 34 ya ba mutum haƙƙin samun kwafin bayanansa ta hanyar lantarki da aka saba da ita, ba tare da takura ko jinkirin da ya wuce kima ba, sai dai idan bayarwar za ta ɗora wa mai ajiyar kuɗin da ya wuce kima, to a nan ana iya neman mai buƙata ya biya wani ɓangare ko duka. Wato asali kyauta ne, caji kuwa togaciya ce da sai mai ajiya ya kafa dalilinta. Sashen bai ambaci naira nawa ba, bai ƙirga kwanaki ba, kuma ya yi maganar kwafin lantarki a ƙasar da fayiloli da yawa har yanzu na kwali ne. Wanda aka hana yana iya kai kuka ga Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya da dokar ta kafa, ko ya shigar da ƙara a kotu.

Ajiye bayanan jinya a hannun mai su ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Uwa ce take riƙe katin rigakafin ɗanta, kamar yadda a Nijar littafin lafiya, wanda ake kira karne, yake tafiya da mai shi daga wannan asibiti zuwa wancan. Inda ake samun ruɗani shi ne a manyan asibitoci, musamman ga masu shirin fita Masar ko Indiya neman magani. Abin da aka saba ba su shi ne rahoton likita, wato sabon rubutu na shafi ɗaya ko biyu da likita yake zama ya taƙaita jinyar a cikinsa, wanda ake biyan kuɗinsa domin sabon aiki ne. Kwafin fayil wani abu ne dabam: babu abin da ake rubutawa sabo, kuma yana ɗauke da ainihin sakamakon gwaje-gwaje da ranakunsu, da bayanin tiyata, da jerin magunguna, waɗanda likitan da zai karɓi majinyacin yake buƙatar ya gani da idonsa. Biyan kuɗin rahoto ba ya soke haƙƙin neman kwafi, kuma buƙatar da aka rubuta, aka sa mata kwanan wata, aka ambaci lambar kati da irin takardun da ake so, aka kuma riƙe kwafinta mai hatimin karɓa, ita ce hukumar ko kotu za ta fara tambaya idan maganar ta kai gabanta.